Tozali, Darma da Azurfa: Yadda A Ke Neman Ma'adini a Kwarin Binuwai

Ga shirin kimiyya na wannan mako.

Da wuya a shiga wata babbar kasuwa a ƙasar Hausa a rasa tozali a shimfiɗar 'yan koli. Wani ɗan dutse ne mai ruwan toka, mai ƙyalli kamar sabon ƙarfe, kuma in an ɗora shi a tafin hannu sai a ji ya fi girmansa nauyi. In an ƙwanƙwasa shi, ya kan farfashe ƙanana-ƙanana masu kusurwa huɗu kamar ƙwayar sukari. Mata su kan niƙa shi, su zuba a tandu, su yi kwalli da shi. Amma ba kowa ya san cewa mafi yawan wannan dutse uwar darma ne ba. Masanan duwatsu suna kiransa galena. Haɗin darma ne da farar wuta, kuma cikin kashi 100 na nauyinsa wajen kashi 86 darma ce zalla. Sau da yawa kuma akwai 'yar azurfa ɓoye a cikinsa, wadda ido ba ya gani.

Tozali ba ya zama shi kaɗai a cikin ƙasa. Kusan ko'ina aka same shi, a kan tarar da wani dutse tare da shi, mai launin ƙasa-ƙasa ko baƙi-baƙi, wanda a ke kira sfalarait. Shi ne uwar tutiya, watau farin ƙarfen nan da a ke shafe kwanon rufi da bokiti da shi don kada su yi tsatsa. Ma'anar sunan nan a harshen Girka ita ce mayaudari, domin mahaƙan dā su kan zaci tozali ne, su sa shi a wuta, darma ta ƙi fita. Dalilin kuwa shi ne, ba darma ce a cikinsa ba, tutiya ce, ita kuwa tana tafasa ta zama tururi da zafi ya kai digiri 907, saboda haka sai ta bi hayaƙi ta tafi.

Waɗannan ƙarafa uku, darma da tutiya da azurfa, duniya ba ta iya zama ba tare da su ba. Mafi yawan darmar da a ke samu batirin mota a ke yi da ita. Wajen rabin tutiya kuwa shafe ƙarfe a ke yi da ita, a kuma haɗa wata da jan ƙarfe a sami tagulla. A shekarar 2023 an haƙo tutiya wajen tan miliyan 12 a duniya, da darma wajen tan miliyan 4 da rabi, amma azurfa ba ta wuce wajen tan 26,000 ba. Abin lura kuma, mafi yawan azurfar nan ba daga mahaƙar azurfa ta ke fitowa ba. Wajen tace darma da tutiya da jan ƙarfe da zinariya a ke tsinto ta.

Inda ya ke a Nijeriya

A Nijeriya gidan waɗannan ƙarafa shi ne kwarin Binuwai. Suna nan jere a wani siririn zirin ƙasa mai tsawon fiye da kilomita 500. Ya taso daga Ishiagu da Abakaliki a Jihar Ebonyi, ya bi ta Arufu da Akwana a ƙasar Wukari, ya haura Zurak a ƙasar Wase ta Jihar Filato, har ya kai Gwana a ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauci.

Me ya sa suka jeru haka? Amsar tana cikin tarihin ƙasar kanta. Masana sun tabbatar da cewa fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, Afirka da Amurka ta Kudu a manne su ke. Da suka soma rabuwa, sai ƙasa ta tsage, wata tsagar ta buɗe ta zama Tekun Atlantika, wata kuwa ta nufo cikin Afirka amma ba ta ƙarasa buɗewa ba. Wannan ita ce kwarin Binuwai. Ruwan teku ya shiga ya kwanta a ciki zamani mai tsawo, laka da yashi da farar ƙasa suka yi ta taruwa har suka yi kaurin kilomita da dama, suka daskare suka zama dutse. Ruwan gishiri da ya maƙale can ƙarƙashi ya yi zafi fiye da tafasasshen ruwa. Ruwan gishiri mai zafi kuwa yana narkar da ƙarfe, kamar yadda ruwan zafi ke narkar da kanwa. Sai ya kwaso darma da tutiya da azurfa daga cikin duwatsun nan, ya biyo tsagogi ya nufo sama. Inda ya huce ya gamu da farar wuta, sai ya sauke kayansa a jikin tsagar, ta cika ta toshe. Irin wannan cikakkiyar tsaga ita a ke kira jijiya.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Rijiyoyin gishirin nan na Awe da Keana da Akwana, waɗanda fatake suka daɗe suna zuwa saro gishirinsu, suna cikin wannan kwari, wasu ma dab da jijiyoyin darma. Mai neman ma'adini ba ya raina irin wannan alama.

Alama ta fari: sawun mutanen dā

Aikin neman ma'adini ba da diga da shebur a ke fara shi ba. Da tambaya a ke farawa, domin da tsohuwar zuma a ke magani. Tun kafin zuwan Turawa mutanen kwarin Binuwai suna haƙa tozali, fatake suna kai shi kasuwannin arewa. Da aka kafa ƙungiyar binciken ma'adinai ta Nijeriya ta Arewa a shekarar 1904, wadda J. D. Falconer ya jagoranta, tsofaffin ramukan mutanen ƙasa da kayan da a ke gani a kasuwa suna cikin manyan jagororinta. Falconer ya buga littafinsa a kan duwatsun Nijeriya ta Arewa a 1911, kana a 1919 aka kafa Ma'aikatar Binciken Ƙasa ta Nijeriya. Cikin shekarun 1930 wani kamfanin Turawa ya haƙi darma a Zurak na 'yan shekaru, sa'an nan ya bari.

Ba a Nijeriya kaɗai sawun mutanen dā ke nuna hanya ba. A ƙasar Yaman, wani malami mai suna al-Hamdani, wanda ya rayu a ƙarni na 10, ya rubuta littafi a kan zinariya da azurfa. A ciki ya ba da labarin wata babbar mahaƙar azurfa da a ke kira al-Radrad, wadda aka watse aka bari tun kafin zamaninsa. Shekaru wajen 1,000 ba a san inda ta ke ba. A 1980 masanan duwatsu na Faransa da na Yaman suka tarar da tsofaffin ramuka da tarin kashin maƙera a wani wuri da a ke kira Jabali, arewa maso gabas da birnin Sana'a. Da aka gwada da bayanin al-Hamdani, sai aka ga ita ce. Mutanen dā sun ɗebi darma da azurfa, amma sun bar tutiya tan dubu ɗaruruwa a ƙasa, domin ba su da hanyar fitar da ita.

Alama ta biyu: hular ƙarfe

Inda babu tsohon rami, sai a duba fuskar ƙasa. Jijiyar da ta leƙo waje ba ta zama da ƙyallinta. Ruwan sama da iska su kan cinye farar wutar da ke ciki, tutiya ta narke ta bi ruwa, a bar wani dutse mai launin tsatsa, mai huji-huji kamar saƙar zuma. Mahaƙa suna kiransa hular ƙarfe, domin yana zaune bisa kan ma'adinin kamar hula. Wanda bai sani ba ya wuce shi, wanda ya sani kuwa ya tsaya.

A 1883, a ƙasar Ostareliya, wani mai kewaya shingen makiyayar tumaki, Charles Rasp, ya lura da wani baƙin tsauni mai irin wannan dutse. Shi a zatonsa kuza ce. Da aka haƙa aka auna, sai aka tarar azurfa ce da darma da tutiya. Wurin shi ne Broken Hill, ɗaya daga cikin mafi girman ma'adinan irin wannan da aka taɓa samu a duniya. Idon Rasp ya ga alama, amma awo ne ya faɗi ko mene ne.

Alama ta uku: ƙasa, ruwa da ganye

A kwarin Binuwai yawancin jijiyoyi a binne su ke ƙarƙashin ƙasa da ciyawa, ba hula ba alama. A nan ne ilmin haɗa sinadarai ya shigo, kuma Nijeriya tana cikin wuraren farko da aka jarraba wannan dabara a ƙasashe masu zafi. A 1950 da 1951 wasu masana biyu daga Landan, J. S. Webb da A. P. Millman, suka buga sakamakon binciken da suka yi a yankin darma na Nijeriya. Sun auna ruwan rafuka, sun kuma auna ganyaye da ƙananan rassan itatuwa, suka ga cewa itacen da ya tsiro kusa da jijiya ya fi na nesa darma da tutiya, domin saiwarsa tana tsotso su. A 1954 kuma Ma'aikatar Binciken Ƙasa ta Amurka ta buga rahoton H. E. Hawkes a kan awon ƙasa da ya yi a Nyeba, kusa da Abakaliki.

Ga yadda a ke yi. A kan shata layuka a daji, a riƙa ɗiban ƙasa cikin tafin hannu a kowace tazara, misali mita 25, a zuba a 'yar jaka, a rubuta lamba. A zamanin su Hawkes da wani ruwan magani kore mai suna ditizon a ke gwaji. In an girgiza shi da ruwan da aka jiƙa ƙasar, kuma akwai tutiya ko darma, sai koren ya juye ja. Iyakar yawan ƙarfen, iyakar jan. Sa'an nan a zana sakamakon a taswira, a ga inda lambobi suka yi tsalle.

Akwai wata hikima a nan. Tutiya mai yawo ce, tana narkewa ta bi rafi ta yi nisa. Darma kuwa ba ta son tafiya, ta kan tsaya kusa da inda ta fito. Saboda haka mai bincike ya kan bi sawun tutiya a yashin rafi yana hawa sama, kamar maharbi mai bin sawun nama, har ya iso inda darma ta yi yawa a ƙasa. Nan jijiya ta ke. Yau akwai wata na'ura ta hannu mai aiki da hasken eksire, wadda a ke dafa wa dutse ko ƙasa, cikin ƙasa da minti ɗaya ta nuna yawan darma da tutiyar da ke ciki.

Alama ta huɗu: nauyi da lantarki

Bayan wannan sai a koma ga na'urorin da ke jin abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba tare da an haƙa ba. Tozali ya ninka ruwa nauyi sau bakwai da rabi, alhali dutsen da ke kewaye da shi bai kai ninki uku ba. Saboda haka inda ya taru da yawa, ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi ya kan ƙaru kaɗan, kuma akwai ma'auni mai jin wannan bambanci. Da irin wannan awo C. R. Cratchley da G. P. Jones suka bayyana fasalin ƙarƙashin kwarin Binuwai a 1965. Har ila yau a kan kafa sandunan ƙarfe a ƙasa a tura lantarki, domin tozali yana barin lantarki ya ratsa shi fiye da dutsen banza. Sai dai sfalarait a nan ma bai bar halinsa na yaudara ba, ba ya ɗaukar lantarki sosai, don haka jijiya mai yawan tutiya tana iya ɓuya wa na'ura. Daga 2003 zuwa 2010 kuma an yi ta shawagi da jiragen sama bisa Nijeriya ana auna maganaɗisun ƙasa. Taswirorin da aka samu suna nuna manyan tsagogin da ruwan zafin nan ya bi.

Gani ya kori ji

Duk waɗannan alamu zato ne mai ƙarfi kawai. Ba a tabbatarwa sai an huda. Injin hudawa yana da bututu mai bakin da aka dasa wa ƙananan lu'ulu'u. Yana juyawa yana yankan dutse, yana fito da shi dogo kamar rake. Tun da yawancin jijiyoyin Binuwai a tsaye su ke kamar bango, a karkace a ke hudawa don a ratsa su. A jera sandunan dutsen nan a akwati bi da bi, a tsaga kowanne biyu, a ajiye rabi don shaida, a aika da rabi ɗakin awo.

Darma da tutiya da kashi cikin ɗari a ke lissafa su, amma azurfa da giram cikin tan. Tsohuwar hanyar auna ta tana nan har yau. A narkar da garin dutsen har a sami ɗan curin darma wanda ya haɗiye azurfar. A ɗora curin a wani ɗan kasko da aka yi da tokar ƙashi, a sa a wuta mai iska. Darma ta ƙone, kaskon ya shanye ta, a bar ɗan ɗigon azurfa fari fat kamar ƙwayar gero, a auna.

Daga nan sai lissafi. A ƙaddara an huda an ga jijiya mai tsawon mita 300, zurfin mita 100, kaurin mita 2. In kowace mita ɗaya ta ko'ina tana da nauyin tan 3 da rabi, an sami tan 210,000 ke nan na dutse. In darma kashi 8 ce cikin 100, akwai tan 16,800 a ciki. Sai a tambaya: kuɗin wannan zai biya haƙa, da tacewa, da hanya, da dako zuwa bakin teku? A kwarin Binuwai akwai ƙarin tambaya, watau ruwa. Tsagogin da suka kawo ma'adinin su ne kuma ke kawo ruwa cikin rami, kuma zuƙe shi ya sha cinye ribar masu haƙa. Jijiyoyin kuma ba su da kauri ɗaya, su kumbura nan, su tsuke can. Shi ya sa cikin wuraren da a ke bincikawa, kaɗan ne ƙwarai ke zama mahaƙa.

A dokar Nijeriya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce lasin bincike ba ya wuce murabba'in kilomita 200, ana ba da shi na shekara uku, ana iya sabunta shi. Ta kuma wajabta wa mai son buɗe mahaƙa ya ƙulla yarjejeniya da mutanen wurin a kan amfanin da za su samu.

Kyawun ɗan maciji

Mai sauraro yana iya cewa duk wannan wahala ta masu neman riba ce. To, ba riba kaɗai awo ke karewa ba, har da rai. Darma guba ce. In ƙurarta ta shiga jiki ta kan taru a jini da ƙashi, ta lalata ƙwaƙwalwa, musamman ta ƙananan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin darma a jini da za a ce ba shi da illa.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna ta mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. Duwatsun Zamfara dabam su ke da na Binuwai, kuma zinariya mutanen ke nema. Amma dutsen da suka samo cike ya ke da darma, ba wanda ya auna ya gaya musu. Suka riƙa kawo shi cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ƙura tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, kuma garin Bagega bai sami wannan gyara ba sai 2013. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Na'urar nan ta hannu da masu neman ma'adini ke yawo da ita, irinta aka yi aiki da ita wajen gano gidajen da suka gurɓata. Da an dafa wa dutsen ita tun farko, da an sani.

Kwallin da ke cikin tandu ma bai kuɓuta ba. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami darma da yawa a jinin wani jariri. Da suka bi diddigi, sai suka tarar kwalli ne da aka kawo daga Nijeriya a ke sa masa, kuma da aka auna shi kashi 82 da 'yan kai cikin 100 darma ce. Jariri ya kan murza ido, ya sa yatsa a baki. Saboda haka likitoci ke gargaɗi kada a sa wa yara kwallin dutse.

Ga masu haƙa kuwa, shawarar masana a taƙaice ta ke. Kada a kai dutse cikin gida. A jiƙa shi kafin a niƙa don kada ƙura ta tashi. A yi wanka a sāke tufafi kafin a koma wajen iyali. Kada yara su kusanci wurin aiki. Kafin a taɓa sabon dutse kuma, a kai shi a auna.

Har yanzu akwai jijiyoyi a binne tsakanin Abakaliki da Gwana waɗanda ba a san iyakarsu ba. Dukiya ce ga wanda ya bi ta da ilmi, ya tambayi mutanen wuri, ya auna ƙasa, ya huda, ya yi lissafi. Wanda ya afka mata da garaje kuwa, yana iya binne kuɗinsa a rami mai ruwa, ko ya kai wa 'ya'yansa guba har gida. Rigakafi ya fi magani.

Iyakar shirin kimiyya na wannan mako ke nan.